RA'AYINMU: Iskar Numfashi A Asibitocin Kudancin Kaduna

A cikin shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa babban asibitinta a Kafanchan, ta kuma kafa jami'ar koyon kimiyya da aiki da ita a Kachia. Jama'ar kudancin Jihar Kaduna sun daɗe suna neman waɗannan abubuwa biyu, saboda haka murnar da suka yi tana bisa hanya, mu ma muna taya su. Amma akwai wani al'amari wanda ba a cika ambatonsa ba wajen bikin buɗe gine-gine, alhali kuwa shi ne ke raba rai da mutuwa a ɗakin yara da ɗakin haihuwa. Wannan al'amari shi ne iskar oksijin, watau iskar da likita ke sa wa majiyyaci a hanci sa'ad da numfashinsa ya gaza. A kanta muke so mu yi magana yau, musamman game da ƙananan asibitoci irin na Kwoi, hedkwatar ƙaramar hukumar Jaba. Dalili kuwa shi ne masu kimiyya a ƙasashen waje sun fito da wata na'ura ta tangaran mai tace wannan iska a cikin asibitin da ake bukatarta, kuma mun san halin ƙasarmu, ba za a daɗe ba dillalai za su fara zagaya ofisoshin gwamnati da takardunta. Gara a san abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa tun kafin a sa hannu a kwangila.

Iskar da kowa ke shaƙa kashi 21 ne kawai cikin 100 nata oksijin, saura kusan duka wata iska ce da ake kira naitirojin, wadda ke shiga huhu ta fita ba ta yi wa jiki kome ba. Mai lafiya wannan kashi 21 ya ishe shi. Amma yaron da limoniya, watau ciwon haƙarƙari, ta cika wa huhu da ruwa, da jaririn da aka haifa bakwaini, da macen da ta zubar da jini wajen haihuwa, da wanda aka kwantar za a yi masa aiki, duk ba ya isarsu, sai an ƙara musu. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a shekarar 2018 limoniya ta kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya, kuma babu wata ƙasa a duniya da ta kai mu a wannan shekara. Allura da ƙwayar magani suna kashe cutar, gaskiya ne, amma sukan ɗauki kwana biyu ko uku kafin a ga aikinsu. Iskar ce ke riƙe yaron har su yi.

Wannan magana ba kame-kame ba ce, an gwada an gani. A ƙasar Papuwa Niyu Gini an sa wa waɗansu asibitocin karkara na'urorin tace iska da ma'aunin iskar jini, sai rahoton da aka buga a 2008 ya nuna mutuwar yara masu limoniya ta ragu da kashi 35 cikin 100. A Yuganda an yi irin wannan gwaji a asibitoci 20, aka haɗa na'urorin da wutar hasken rana, rahoton 2024 ya nuna mutuwar yaran da iskar jininsu ta yi ƙasa ta ragu da kusan rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa matsayin oksijin cikin jerin magungunan da ba a yi sai da su a 2017, a wannan shekarar kuma Nijeriya ta fitar da nata tsarin samar da shi, sa'an nan babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri a kansa cikin watan Mayu na 2023. Ashe dai takardu sun cika. Abin da ya rage shi ne iskar ta kai hancin yaron da ke kwance a Kwoi da ƙarfe biyu na dare.

To, ta yaya take kaiwa? Hanyar da aka saba ita ce tukunyar ƙarfe. Manyan masana'antu ne ke sanyaya iska har oksijin ɗin cikinta ya zama ruwa, a sanyin da ya kai awo 183 ƙasa da sifiri, dabarar da wani Bajamushe mai suna Carl von Linde ya fito da ita tun farkon ƙarnin da ya wuce. Irin waɗannan masana'antu suna bukatar jari mai yawa da wuta mai yawa, don haka a manyan birane ake samunsu. Daga can sai a ɗura iskar cikin tukwane, a loda a mota, a nufi karkara. Babbar tukunyar da ake gani a jingine kusa da gadon asibiti tana ɗaukar lita 6,800 ko kusa da haka, nauyinta kuwa ya kai na ƙaton namiji. Babban mutum da ciwo ya tsananta masa yana iya shan lita 10 a minti guda, watau tukunyar ba za ta kai shi awa 12 ba. In ta ƙare sai a mai da ita birni babu kome a ciki, a biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Wanda ya san hanyar Kaduna zuwa Kwoi ta Kachia ya san tafiya ce ta awoyi, ya kuma san ba kowane direba ne zai yarda ya kama ta da dare ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin dakon ya ninka, kuma a ƙarshe iyalin majiyyaci ne ke biya.

Su wa ne waɗannan iyalai? Manoman citta ne galibinsu. Ƙasar Jaba da Kachia da Kagarko ita ce cibiyar noman citta a Nijeriya, kuma kowa ya tuna annobar da ta faɗa wa gonakin a daminar 2023, wadda ta ruɓar da amfanin mutane da yawa har da irin da za su shuka baɗi. Mutumin da ya yi irin wannan hasara, in aka ce masa ya kawo kuɗin iska awa-awa, abin da yakan yi shi ne ya ɗauki ɗansa ya koma gida ya bar wa Allah. Irin wannan mutuwa ba ta shiga littafin asibiti, saboda haka babu wanda ke ƙirga ta.

Annobar korona ta tona asirin wannan tsari a duniya duka. A watan Janairu na 2021 iska ta ƙare a asibitocin birnin Manaus na ƙasar Barazil, a watannin Afrilu da Mayu kuma aka ga mutanen Indiya suna bin layi da tukwane a kafaɗa. A nan gida, cikin Janairun 2021 ɗin, Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 6.45 don kafa injunan yin oksijin a wurare 38. Waɗannan injuna su ne hanya ta biyu, watau a yi iskar a cikin asibitin. Injin yana matsa iskar waje ya tura ta cikin wani irin yashi na musamman da ake kira ziyolait, yashin ya riƙe naitirojin ya bar oksijin ya wuce, a sami iska mai kashi 90 zuwa 96 cikin 100. Akwai babba mai cika tukwane, akwai kuma ƙarami mai girman akwatin tafiya wanda ake ajiyewa gefen gado, yana ba da lita 5 ko 10 a minti. Dabara ce mai kyau, kuma ita ce ta ceci yaran Yuganda da muka ambata. Sai dai tana da abokan gaba biyu da kudancin Kaduna ke da su a yalwace. Na farko laima, domin yashin nan in ya sha danshi ya mutu ke nan, ga shi kuwa damina a wannan yanki doguwa ce. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke toshe matatun injin ta kuma cinye kwamfuresa. Abin da ya fi muni shi ne injin da yashinsa ya mutu yana ci gaba da kuka yana hura iska kamar lafiya lau, alhali abin da ke fita bai fi iskar ɗaki da yawa ba. Sai wanda ya sa ma'auni ya auna ne zai sani.

A nan ne na'urar tangaran ta shigo, kuma ya dace mu ɗan tsaya mu yi bayaninta, domin wanda zai yanke shawara kan kuɗin jama'a ya kamata ya fahimci abin da zai saya.

Tangaran ɗin ba irin na kwanon shayi ba ne. Ana yin sa ne da wani ma'adini da ake kira zirkoniya, ko danginsa, a gauraya shi da ɗan wani ma'adinin, a gasa shi ya zama siririn faranti ko bututu wanda ba shi da ko da ƙaramar kafa. In yana da sanyi babu abin da ke ratsa shi. Amma in aka zafafa shi har awo 700 ko 800, ruwa kuwa a awo 100 yake tafasa, sai ya sami wani hali na ban mamaki. A cikin ginin jikinsa akwai gurabu da aka bari fanko, daidai girman ƙwayar oksijin. Ana shafa wa fuskokinsa biyu abin da ke ɗaukar lantarki, a jona wuta, a hura iskar waje a fuska ɗaya. Ƙwayar oksijin da ta taɓa wannan fuska sai ta karɓi cajin lantarki, ta faɗa gurbi na farko, daga nan ta tsallaka na gaba, kamar yadda magina ke miƙa wa juna tubali hannu da hannu har ya kai saman gini. In ta isa ɗaya fuskar sai ta ajiye cajin ta koma iska. Naitirojin ba shi da gurbi a wannan hanya, haka tururin ruwa, haka ƙura, haka ƙwayar cuta. Shi ya sa abin da ke fitowa oksijin ne tsantsa, fiye da kashi 99.9 cikin 100.

Ilmin ba sabo ba ne. Wani masani Bajamushe mai suna Walther Nernst ya gano wannan hali na zirkoniya tun kafin shekarar 1900, har ya yi fitila da shi. A 1976 kamfanin Bosch ya fitar da ɗan ma'aunin da ake ɗaurawa a bututun hayaƙin mota don auna iskar da ta rage a ciki, kuma da irin wannan tangaran aka yi shi. Ke nan makanikan Kafanchan sun daɗe suna taɓa shi da hannunsu ba tare da an faɗa musu ba. Tun shekarun 1990 kamfanoni a Amurka ke ƙoƙarin mai da shi injin yin iska. Abin da ya sa duniya ta waiwayo shi ne aikin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, wadda ta aika da wata 'yar na'ura mai suna MOXIE duniyar Mars. A ran 20 ga Afrilu 2021 na'urar ta fitar da oksijin na farko, wajen giram 5, ta hanyar fasa gurɓatacciyar iskar da ta cika sararin wannan duniya. Kafin a rufe gwajin a 2023 ta yi aiki sau 16, ta tara giram 122. Hukumar ta kuma yi aiki kan wata irin wadda ke tace iskar duniyarmu don amfanin likitoci. Mai karatu ya lura da adadin nan na Mars. Giram 122 bai kai lita 100 ba, watau bai ishi majiyyaci guda minti 10 ba. An yi ta ne don a nuna abin yana yiwuwa, kuma ta nuna.

Babu shakka akwai abubuwan da ke jan hankali a wannan na'ura ga gari kamar Kwoi. Ba ta da yashin da laima za ta kashe. Ba ta da kwamfuresa mai bugu dare da rana, in ban da ɗan fanka mai hura iska kusan babu abin da ke motsi a cikinta, abin da ba ya motsi kuwa ba ya saurin cinyewa. Wutar da ke tura ƙwayoyin ita ce kuma ke matsa iskar a ɗaya gefen, saboda haka tana fitowa da ƙarfinta. Kuma yawan wutar da ta shiga shi ne yawan iskar da ta fito, don haka ba ta iya yin irin ƙaryar da injin yashi ke yi in ya tsufa. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, ba ma kuma cikin masu cewa duk abin da aka ƙera a waje bai dace da mu ba.

Amma fa, abin da dillali zai fi ɗaga murya a kai shi ne tsabtar iskar, kuma shi ne abin da ya fi ƙarancin amfani gare mu. Majiyyaci ba ya bukatar kashi 99.9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da iska mai kashi 93 a matsayin magani kamar yadda ta amince da mai kashi 99.5. Yaron da aka sa wa roba a hanci yana shaƙar iskar ce gauraye da ta ɗaki, abin da ke isa huhunsa bai ko kai rabi ba, kuma haka ake so. Iska tsantsa tana da muhimmanci a ɗakin binciken kimiyya da waɗansu masana'antu da jiragen sama. In wani ya zo ya ce wa kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma a biya ninki don a sami ƙarin kashi shida ko bakwai, to, yana sayar masa da abin da yaran Jaba ba su nema ba.

Babbar magana ita ce wuta. Mun ce yawan wuta shi ne yawan iska, wannan kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Bisa dokar da Michael Faraday na Ingila ya gano tun shekarun 1830, ampiya guda ta lantarki ba ta tsallakar da oksijin da ya wuce mililita 3.5 a minti ta faranti ɗaya. Kafin a sami lita guda a minti sai an tara abin da ya kai ampiya 290 a rarrabe bisa farantai masu yawa da aka jera. Babu injiniyan da zai canja wannan lissafi. Ban da wannan ga wutar da za ta riƙe tandar a awo 700 dare da rana. In aka ɗauke wuta iska ta tsaya nan take, tanda ta fara hucewa, in an dawo da ita kuma sai an jira ta sake yin zafi a hankali, domin tangaran ba ya son a gaggauta masa. Kowace mace da ta taɓa zuba ruwan sanyi a tukunyar ƙasa mai zafi ta san abin da ke biyo baya. Yawan zafafawa da hucewa shi ne ke tsattsaga farantan da abin da aka liƙe su da shi, kuma wannan matsala ce da masu ƙera na'urar kansu suka daɗe suna fama da ita. Ƙaramin injin yashi kuwa minti kaɗan bayan an kunna shi ya fara ba da iska, wutar da yake ci bai wuce wat 300 zuwa 600 ba.

Yanzu a auna wannan da halin wutarmu. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya rage kuma ya sami matsala. Wannan shi ne babba da aka buga a jaridu. Na kullum kuwa, wanda ake kawowa a ɗauke sau biyar kafin azahar, ba ya bukatar a ba mutumin karkara labarinsa. Na'urar da ke son wuta ba yankewa, a kai ta inda wuta ke zuwa kamar baƙo, an kai ta ne ta mutu.

Sai kuma gyara. Duk wanda ya taɓa leƙa bayan wani asibitin gwamnati a ƙasar nan ya ga maƙabartar injuna, kayan miliyoyin Naira da aka sayo ko aka bayar kyauta, suka yi wata shida suna aiki, wani ɗan ƙarfe ya lalace, aka rasa mai gyara aka rasa inda za a sayo shi. Injin yashi aƙalla an san shi, ana samun kayansa a Legas da Kano da Abuja, akwai kuma 'yan Nijeriya da suka koyi gyaransa. Na tangaran bai riga ya cika kasuwa ba ko a ƙasashen da suka ƙera shi, in farantinsa ya tsage sai an aika ƙetare da dala. Asibitin da ke da likita ɗaya ko biyu ba wurin da za a ɗora wa irin wannan nauyi ba ne.

Saboda haka a ganinmu abin da ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna ta fara da shi ƙarami ne, har yana iya ba mai son babbar kwangila haushi. Shi ne ɗan ma'aunin nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa, wanda wani injiniya ɗan Japan mai suna Takuo Aoyagi ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Cikin daƙiƙa kaɗan yana nuna yawan iskar da ke cikin jini, in ta gaza kashi 90 a sa wa yaro iska, in ta daidaita a cire a ba wani. Ido kaɗai yana yaudarar ko da gogaggen ma'aikaci. Binciken da aka yi a asibitoci 12 na kudu maso yammacin Nijeriya, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa shigo da wannan ma'auni da koya wa ma'aikatan jinya amfani da shi ya gyara yadda ake ba yara iska tun kafin a kawo sababbin injuna. Babu dalilin da zai sa wani ɗakin shan magani a Jaba ko Jama'a ko Zangon Kataf ya zauna babu shi, har da ƙaramin da ya dace da yatsan jariri. Kwalejin koyon jinya da ungozoma da ke Kafanchan ita ce wurin da ya dace a mai da aunawar ta zama al'ada, kamar yadda ake auna zafin jiki.

Bayan wannan sai wuta ta musamman ga ɗakin yara da ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata, ta farantan hasken rana da batura masu ɗaukar dare guda cur, a kan layin da ba a jona masa firjin ofis ko talabijin ba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon shirya wutarsu, don haka ba sauran fakewa da Abuja. A kan wannan wuta ne ƙananan injunan yashi za su zauna, ana raba iskar guda ɗaya ga yara biyu ko uku ta bututu, da 'yan tukwane a ajiye don ranar da ta ɓaci. Su kuma tukwanen, asibitin Tarayya na Kafanchan ne ya kamata ya zama wurin cika su ga dukan yankin, da babban inji mai aiki da mota mai zagaya Kwoi da Kagoro da Zonkwa da Gwantu a ranakun da kowa ya sani. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta jiha su rubuta wannan yarjejeniya tun yanzu, kada ranar da ake bukata a tsaya gardamar asibitin wane ne. Kuma a koya wa ma'aikata haɗarin abin, domin oksijin yana rura wuta, maiko ko tartsatsi kusa da tukunya ya isa. Gobarar da ta tashi daga tukunyar iska a wani asibitin Bagadaza cikin Afrilun 2021 ta ci rayuka fiye da 80.

To, ina matsayin tangaran a cikin wannan duka? Matsayinsa shi ne gwaji, kuma muna so a yi gwajin a kudancin Kaduna. Jami'ar Kachia an kafa ta ne don kimiyyar da ake aiki da ita, ga kuwa aikin da ya dace da sunanta. Duk kamfanin da ke son sayar wa Nijeriya wannan na'ura, a ce masa ya kawo guda ɗaya ko biyu da kuɗinsa, bayan hukumar NAFDAC ta yi mata rajista, a ajiye ta kusa da injin yashi a ƙarƙashin rufi ɗaya, kan wuta ɗaya, ta ga damina guda da hunturu guda. Malaman jami'a da ɗalibansu su riƙa rubuta wutar da kowace ta ci da iskar da ta bayar da kwanakin da ta kwanta da kuɗin gyaranta, a buga sakamakon kowa ya karanta. A lokacin gwajin kada a rataya ran majiyyaci ko ɗaya a kanta ita kaɗai. In ta ci, mu ne za mu fara cewa a saya. Har wa yau jami'ar ce ya kamata ta riƙa yaye masu gyaran kayan asibiti, waɗanda ƙarancinsu ya fi na injuna, jiha kuma ta ɗauke su aiki da albashin da zai zaunar da su a karkara.

Ba za mu wuce ba sai mun faɗi wani abin da ya ba mu sha'awa. Ƙauyen Nok yana cikin ƙaramar hukumar Jaba ne, nan kusa da Kwoi, inda masu haƙar kuza suka tono gasasshen yumɓu na farko a 1928, duniya ta gane cewa mutanen wannan ƙasa sun iya sarrafa ƙasa da wuta fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Shi kuma ma'adinin da ake samun zirkoniya daga gare shi yana cikin tarkacen da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Jos. Ba muna cewa gobe za a gasa farantan nan a Kachia ba ne, tsakanin ɗanyen ma'adini da tataccen faranti akwai tafiya mai nisa. Amma in za a zaɓa wa sabuwar jami'a fannin da za ta yi suna a kansa, ilmin tangaran ba baƙo ba ne a ƙasar Ham.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗi da lissafi. Tun da an yarda oksijin magani ne, to, a ba shi layinsa a kasafin kuɗin Ma'aikatar Lafiya ta jiha, har da kuɗin gyara da na sauya batura, ba na saye kaɗai ba, a kuma tabbata tsarin inshorar lafiya na jihar yana biya wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki. Muna kira ga 'yan Majalisar Dokokin Jiha masu wakiltar Jaba da maƙwabtanta, da Mai Martaba Kpop Ham da majalisarsa, da shugabannin coci da masallatai, su nemi a riƙa liƙa takarda a ƙofar kowane babban asibiti duk bayan wata uku, mai nuna injuna nawa ne ke aiki, kashi nawa ma'auni ya nuna suna bayarwa, kwana nawa aka yi babu iska, da kuma nawa ake karɓa hannun majiyyaci a awa guda. Ma'aikatar Lafiya tana iya fara wannan a Kwoi kafin hunturu mai zuwa.